Goron Gayya

Ni ɗan ƙwadago ne. Shekara da shekaru ina aiki a garaken Jiratawa: dashen albasa, yankan zogale, feshi. Feshin ne ya cinye mini ƙirji. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba.

Wata shekara wani mutumin Tibiri ya tara mu gindin mangwaro, ya ce mu kafa sandika. Na ce mene ne sandika? Ya ce bakinmu ya zama ɗaya. Aka naɗa shi shugaba. Abu biyu muka nema: takunkumin hanci da takalman roba ranar feshi, sai hutu bayan azahar. Masu garake suka yarda, ban da wani Alhaji na Sabon Gari, ɗan kasuwa, wanda garkarsa ta fi ta kowa girma. Muka ɗaga hannu muka yi alkawarin ƙaurace masa. Wanda ya saɓa, a fitar da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Jiratawa gungu ake kira aiki, ba a neman mutum guda.

Albasar Alhaji ta isa cira. Kwana takwas ba wanda ya je.

Ranar Juma'a bayan salla, ƙanensa ya tsaya bakin masallaci da ƙwaryar goro. Ya miƙo mini. Na karɓa, na ɓare, na jefa baki. Sannan ya ce, "Baba, na gayya ne. Gobe, garkar Alhaji."

Na riga na tauna.

Yadda muka taso, wanda ya ci goron gayya sai ya je. Ubana da zazzaɓi ya taɓa zuwa wata gayya. Gayya ba ƙwadago ba ce, ba a biya, fura ce kawai da tuwo. Mu ƙwadago muka ce mun daina yi masa, ko garkar muka ce ba mu takawa? Na yi ta juya abin, na kasa tuna yadda aka faɗa.

Na je. Na tarar da mutum bakwai namu, kowa kansa a sunkuye. Muka ciri albasa har la'asar.

Shugaba ya tare mu a hanya bisa babur ɗin kabu-kabu. Ni ya duba.

"Tsoho, ina alkawari?"

"Goro na ci."

"Da ka tofar."

"A bakin masallaci?"

"To madalla. Abin da muka hana shi da biya, kun yi masa kyauta."



Aka yi taro. Sauran bakwai ɗin suka ba da haƙuri, aka yafe musu. Ni ma aka ce in amsa na yi kuskure. Na ce wanne, cin goron ko zuwan? Shugaba ya ce duka biyun. Na ce cin goron na yarda, amma zuwan ba kuskure ba ne. Aka fitar da ni.

Daga baya Alhaji ya sayo takalman da takunkumin. Wasu sun ce yajin ne ya sa, wasu sun ce kunyar gayyar ce ta kama shi. Ban sani ba.

Yanzu garkarsa kaɗai nake samun aiki, ban ruwa da gadi. Ni ma an ba ni takalman, sun yi mini yawa. Gungun su shugaba na wucewa da safe, su gaishe ni, in amsa. Goro kuwa sai na tambayi na mene ne kafin in miƙa hannu.