Turaren Likkafani da Na Haɗa a Roni

Hancina ya daina jin ƙamshi a wata damina, bayan mura da zazzaɓi sun kwantar da ni kwana shida. Ranar da na koma shagona a Kazaure na buɗe kwalbar man udu na kai hanci, sai na ji kamar ruwan randa nake shinshinawa. Na jefa ɓarin itacen udu a garwashi, hayaƙin ya cika mini ido har na yi hawaye, amma ƙamshi ko kaɗan.

Ban gaya wa kowa ba, har matata. Sana'ar nan wajen mahaifina na gaje ta, kuma ba ni da wata, don karatuna bai wuce firamare ba. Ba turaren kamfani nake sayarwa ba, da hannu nake haɗawa, kuma abin da ke kawo mutane wajena shi ne hancina. Mutum kan taso tun daga Babura ko Gwiwa da guntun itace a aljihu don kawai in shinshina in gaya masa na gaske ne ko jiƙa shi aka yi da turaren kanti. Sai na ci gaba da aiki da ido da awon da hannu ya saba. In an miƙo mini abu in kai hanci, in lumshe ido, in gyaɗa kai. Wata biyu ina wannan.

Ana cikin haka aka aiko daga Roni cewa aminin mahaifina yana nemana. Baba muke ce masa. Tsohon ma'aikacin gona ne, ya daɗe a kwance da ciwon ƙoda, kuma ƙanwarsa, wadda muke kira Gwaggo, ita ke jinyarsa tun rasuwar matarsa. Saƙon ya ce in zo da kayan aikina.

Da hantsi na hau babur ɗin haya. Mun yi nisa sai sarƙa ta zame. Na sauka na riƙe wa mai babur ƙafar baya, na kama masa sarƙar muka mayar, hannuna duka biyu suka yi baƙi ƙirin da baƙin mai. Ya zare tiyo ya tsiyayo mini fetur a tafi na cuɗa, ya ba ni tsummansa na goge. Da muka isa Roni na tsaya a famfon masallaci na wanke da sabulu. Na duba gaba da baya, hannu ya yi fes. Da ido na duba, don shi kaɗai nake da shi.

Na sami Baba a kishingiɗe, ya rame ƙwarai, amma bakinsa na nan. Na durƙusa na gaishe shi.

"Kai ne da furfura haka? Ubanka ma bai yi wannan saurin ba. Matso, ɗana, miƙo mini gwangwanin can."

A cikin gwangwanin akwai 'yar kwalbar man udu, awon da muke kira tola ɗaya, mai kauri kamar zuma, sai wani abu a naɗe cikin auduga. Da ya warware na ga dunƙule mai ruwan toka, bai kai rabin goro ba, ba shi da nauyi. Ambar ne, wanda ke fitowa daga cikin wani babban kifin teku ya yi shekaru yana yawo a kan ruwa kafin a tsince shi a gaɓa. Sau biyu na taɓa riƙe na gaske a rayuwata. Baba ya ce wani masunci ne ya ba shi a bakin teku, shekarar da ya fara zuwa aikin Hajji yana saurayi, kuma tun ran nan ya ware shi don abu ɗaya. So yake a narka shi a cikin udun nan, a ajiye, a zuba wa likkafaninsa.

"Gwaggonka ta ce in ba ka ka tafi da shi Kazaure. Na ce a'a, ambar a gaban mai shi ake aikinsa, ko ubanka haka ya san doka. Amma ni kallo kawai zan yi. Hancina ya riga ni tafiya, shekara uku ke nan ko daddawa ba na ji. Shi ya sa na ce kai za a kira. Abin da ka ji, shi na ji."

A nan ya kamata in buɗe baki. Sai na tuna cewa abin da aka faɗa a Roni da safe kafin azahar ya isa kasuwar Kazaure. Na ce, "Allah ya ba mu sa'a, Baba," na shimfiɗa kayana.

Aikin ba shi da wuya in mutum yana da hanci. A kankare ambar da ƙaramar wuƙa ya zama gari, a zuba shi cikin man a ƙaramin kofi, a tsoma gindin kofin a ruwan zafi a yi ta juyawa har ya narke, sannan a tace da farin ƙyalle. Na riƙe dunƙulen da yatsu uku na fara kankara a kan faranti.

Ban ci sulusinsa ba Gwaggo ta yi sallama da butar ruwan zafi. Ta ajiye, ta miƙe za ta fita, sai ta tsaya.

"Wa ya shigo da fetur ɗakin nan?"

"Babur ɗin da ya kawo shi ne," in ji Baba.

"Babur ya tafi tun ɗazu, Yaya."

"To hancinki ne. Ke da tuwo in ya kwana ɗaya sai kin ce ya yi tsami."

Ba ta yi dariya ba. Hannuna take kallo. Nan take na tuna sarƙa da tsumma. Har lokacin ko ƙwayar gari ba ta shiga man ba. Da na ajiye wuƙar na fita na sake wanke hannu da toka da lemon tsami, na kankare bayan dunƙulen inda na taɓa na zubar, da asarar kaɗan ce. Amma in na yi haka, tambayar da za ta biyo baya ɗaya ce: mai turare ya shigo da warin fetur a hannunsa bai ji ba?

Baba ya juyo gare ni. "Ɗana, kana jin wani abu?"

Na ɗaga kai na ja iska kamar mai bincike. Na ce, "Babu, Baba. Ƙila iska ce ta kwaso daga titi."

"Kin ji ko? Mai sana'a ya faɗa. Je ki ki bar mu."

Ta fita. Ni kuwa na ci gaba. Na gaya wa kaina fetur ba ya daɗewa, zafin ruwan zai kore shi. Na kankare dunƙulen duka, na tattara garin da yatsa na zuba a man. Da ya narke na juye a ƙyalle, na murɗe, na matse da yatsun nan har ɗigon ƙarshe, man yana bi ta tsakaninsu yana sauka a kwalba. Na toshe bakin na ɗaure da zare, na ce a bar shi kwana arba'in ya nuna.

Baba ya karɓa da hannu biyu ya tura ƙarƙashin matashinsa. "In na kai arba'in ɗin," ya ce. "In ban kai ba ku yi haƙuri da ɗanye."

Da la'asar na isa gida. Matata ta kawo mini ruwa, tana karɓar kofin ta ja da baya.

"Malam, gareji ka koma? Hannunka kamar na bakanike."

Ban ci abinci ba ran nan. Kwanakin da suka biyo baya kuwa, duk sanda wayata ta yi ƙara sai in ɗauka daga Roni ne. Kullum da asuba in ce yau zan je, in buɗe shago in zauna har magariba. A rana ta goma sha takwas ina zaune a tsakar gida na ji ƙaurin tuwo ya kama a tukunya. Hancina ya fara dawowa. Ko murna ban iya yi ba. Washegari na cika tola ɗaya da udun da ya fi kowanne a shagona, na sa a aljihu na tafi Roni.

A zaure na haɗu da Gwaggo tana tsince shinkafa. Na durƙusa, tun ban gama gaisuwa ba ta katse ni.

"Ni na wanke kofin da ƙyallen. Sau uku na wanke, warin na nan. Tun yaushe ba ka ji?"

Na gaya mata komai. Na ciro tolar na ce a musanya da kwalbar Baba.

"Ƙarƙashin kansa take dare da rana. In sa hannu in yi wa yayana sata yana kwance? Kuma ambar ɗin fa, kana da wani?"

Na ce ba ni da shi, ban kuma san inda zan samu ba. Na ce to bari in shiga in gaya masa, in nemi gafara.

"Ka sauke kayanka a kansa ka tafi gida ka yi barci? Mutumin nan ko kunu ba ya wuce masa. Abin da ya rage masa na jin daɗi shi ne ya lalubi kwalbar nan ya ji tana nan. Ba za ka faɗa masa ba." Ta ture farantin gefe. "Amma ba za a naɗe mini ɗan'uwa da warin gareji ba. Ya riga ya bar wa babban ɗansa wasiyya a kan kwalbar. Ran da ta faru ni ina cikin mata, ba zan isa wurin ba. Kai za ka tsaya a gabansu ka faɗa da bakinka."

Dole in rubuta gaskiya a nan: da ta hana ni gaya wa Baba, sanyi na ji a raina. Na fake da haninta, alhali abin da nake so ke nan.

Na shiga. Ya ƙara ramewa, muryarsa sai an matsa. Da ya gane ni sai ya laluba ƙarƙashin matashin.

"Gara da ka zo. Buɗe ka ji mini. Ya fara nuna?"

Na kwance zaren. Udun ne ya fara tasowa, mai zurfi, sai ambar a bayansa da wani zaƙi mai gishiri-gishiri da ban taɓa jin irinsa ba. A ƙarƙashinsu kuma ga shi nan kwance, baƙin mai da fetur, man ya riƙe su gam. Baba ya kafa wa fuskata ido. Na ji motsin Gwaggo a bakin ƙofa.

"Yana nuna, Baba," na ce.

"Ya yi daɗi?"

"Ya yi."

"Alhamdu lillahi. Rufe, kada ya fice."

Bayan kwana tara aka kira ni da sassafe. Na isa na tarar an gama wanka, an shimfiɗa likkafani a ɗakin da ke kusa da zaure. Liman na ciki da dattawan unguwa huɗu, ga babban ɗan Baba da ya iso daga Kano, mutumin da ya girme ni kuma ba mu saba ba. Kwalbar na hannunsa, yana kwance zaren. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Sai da na ga ya cire murfin ya sunkuya sannan na faɗa ciki na riƙe masa hannu.

"Yaya, kada ka zuba. Turaren nan ya lalace."

Babban ɗan ya ɗago. Ya dubi hannuna a kan nasa har na saki.

"Ba kai ka haɗa ba?"

"Ni na haɗa. Ni na lalata shi. Lokacin ba na jin ƙamshi, na ɓoye. Da fetur a hannuna na yi aikin."

"Shi ya ce wannan za a zuba. Da bakinsa ya gaya mini."

Liman ya miƙo hannu aka ba shi kwalbar. Ya kai hanci, ya ɗan jima, ya miƙa wa dattijon da ke gefensa. Shi ma ya shinshina ya kawar da kai. Liman ya ce abin da mamaci ya nufa ƙamshi ne, kuma ba a jinkirta gawa a kan turare, in akwai wani a kawo. Na ciro tolar da ke aljihuna. Babban ɗan bai karɓa daga hannuna ba, sai da liman ya karɓa ya ba shi. Da ita aka shafe likkafanin, udu zalla. Abin da Baba ya adana fiye da shekara arba'in ya rage a kan taga, a buɗe.

Da muka dawo daga maƙabarta na bi layin masu gaisuwa. Da na iso gaban babban ɗan ya karɓi hannuna bai dube ni ba. A hankali ya tambaya, yadda na kusa ba za su ji ba, ko Baba ya sani kafin ya cika. Na ce bai sani ba.

"Bai tambaye ka ba?"

"Ya tambaya."

Ya saki hannuna ya miƙa wa na bayana.