Ranar da Na Sa wa Gidan Ruwan Kawuna Kwaɗo

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina aikin duba-gari a Birnin Kebbi, ba zan manta makon da aka tura ni rufe gidan ruwan leda na kawuna ba.

Da damina ne. Yara a wani layi na Nassarawa suka fara amai da gudawa, muka bi sawu har gidan ruwan ledan, muka ɗebi ruwa aka kai gwaji. Ashe ramin masai na maƙwabta ne ke tsiyaya cikin rijiyar burtsatsen da ake ɗura ruwan. Doka a fili take: a rufe wurin sai an gyara. Shugabanmu ya ce ni zan je, tunda unguwar a hannuna take. Bai san mai wurin ƙanen mahaifiyata ba ne, wanda na zauna gidansa har na gama makaranta.

Na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ofis, in fito, in hau babur in zaga unguwar Gesse ba gaira ba dalili, in dawo. Abinci ma ya ƙi shiga. Daga ƙarshe na kama hanyar Argungu wurin Inna, ko za ta sauƙaƙa mini. Na tarar tana shanya shinkafa. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Kawunka na fa. In ka rufe mishi wuri, da wane ido zan dube shi?" Na ce, "Inna, ɗiyan mutane na kwance asibiti." Ta ci gaba da baza shinkafarta. Ba ta ce je ka ba, ba ta ce kada ka je ba. Na dawo zuciyata ta fi dā nauyi.

Washegari na je. Kawu na tsaye bakin ƙofa ana loda ruwa a keke. Ya dubi kwaɗon da ke hannuna ya ce, "Kai anka turo? Kai?" Makullin ya suɓuce mini ya faɗi. Na duƙa na ɗauka, na rufe.

Daga baya ya haƙa sabuwar rijiya, aka sake gwaji, aka buɗe masa. Amma har ya rasu, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Yaran sun warke, ban da wata yarinya da ta rasu, wadda ban taɓa ganin fuskarta ba.

Abin da na koya shi ne, dokar ruwa ba don baƙi kaɗai aka yi ta ba. Wata rana gidanku za ta ƙwanƙwasa, kuma yaron da ke shan ruwan bai san ɗan'uwan wa kake ba.