Kwalaben da ke firigon Madam Rabi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina ƙofar labo, ɗakin gwajin jininmu, da safen nan aka kira ni, wai Madam Rabi ta rasu. Hawan jini ne. Kafin a kai ta likita rai ya yi halinsa.

Shugabata ce, kuma ita ta koya mini aiki. Da na zo daga Maraɗi da yatsu biyu nake riƙe kwalbar jini don tsoro, sai ta ce, "Isufu, jini ne fa, ba kunama ba." Kullum kwanon koptonta, kwaɗon zogale, na mutum biyu ne.

Aikinmu da antikor muke yin sa, wani ruwa a ƴan kwalabe da ake ɗigawa cikin jini, ya manne wa ƙwayoyin garkuwar jiki har na'ura ta gane su. Da shi muke duba yaran da fari ya koro daga ƙauyuka, a san ko garkuwarsu ta faɗi. Zafi na kashe shi, ƙanƙara ma na kashe shi.

Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka, sabon antikor bai shigo ba, ga wuta sai ta ga dama. Shi ya sa ta kwashe ɗan abin da ya rage ta kai gidanta a unguwar Bobiel, don firigonta na sola ne, sanyinsa ba ya yankewa.

Shekaranjiya muka rabu. Ta ce, "Jinin yaran na tafe, ka zo ka ɗauki kwalaben. Kuma ka riƙa cin abinci, ka rame kamar kai farin ya ci."

Allah ya yafe mini, ina gama salati firigon nan ne ya faɗo mini. Gidan rasuwa cikin wannan zafi, kowa buɗewa zai yi neman ruwa. Wani ma da kyakkyawar niyya zai tura akwatin kwalaben wurin ƙanƙara don a samu wuri. In ya lalace, babu wani.

Na hau kabu-kabu na nufi gidanta. Da wane baki zan shiga cikin mata masu kuka in ce firigo na zo dubawa?

Bayan an dawo daga maƙabarta na zauna waje cikin maza, na kasa tashi. Aka miƙo ruwa, ɗumi. Hankalina ya ƙara tashi, na ce shi ke nan, firigon ya tsaya.

Can aka ce mahaifiyarta na kirana.

Na iske tsohuwar zaune a tabarma ta jingina da firigon, ta ɗaure ƙofarsa da ɗankwali.

"Kai ne Isufu? Kullum Rabi na mana kashedi kan kwalaben nan. Tun da mutane suka fara shigowa na ɗaure shi, na ce kowa ya sha na randa. Ɗauki, ɗana, ƴaƴan mutane na jira."

Na kwance ɗankwalin. Sanyinsu daidai, ko ɗaya bai daskare ba.

A nan kukan da na riƙe tun safe ya ƙwace mini, har ita da ta binne ƴa yau take ba ni haƙuri.

Allah ya jiƙan Madam Rabi, ya haskaka kabarinta, ya ba Inna juriyar rashi. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a, ya haɗa da yaran nan.