Tafin Hannun Tanti Mariama

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 13 ga Agusta 2024, da hantsi, Hajiya Mariama Oumarou ta rasu a gidanta na unguwar Boukoki, bayan gajeriyar jinya ta hawan jini. Ungozoma ce da ta daɗe tana aiki a matarnite, wato asibitin haihuwa. Da ta ajiye aiki sai ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gidanta, tana koya wa masu ciki da masu jego yadda za su ƙarfafa naman ciki da na ƙugu. Tanti muke ce mata.

Tanti, aikin jarida ya sa na saba rubuta labarin mutuwa cikin sauƙi. Naki ya ƙi rubutuwa haka.

Na zo wurinki bayan haihuwata ta uku. Bayana yana ciwo, cikina ya ƙi komawa, ga kuma abin da ko mijina ban faɗa wa ba: da na yi tari sai fitsari ya zubo, alwala ba ta zama. Kika kwantar da ni rigingine, kika ɗora yatsu saman cibiyata, kika ce in ɗaga kai. Yatsun suka nutse. Kika ce naman cikin ne ya rabu, ya bar rami a tsakiya. Na fara jero tambayoyi, kika katse ni: "Madam 'yar jarida, a nan ba baki ke aiki ba. Fitar da numfashi a hankali, ki ja cibiya ciki kamar za ki sa siket ɗin da kika ɗinka kafin aure." Azumin da ya biyo baya na yi sallar asham da alwala ɗaya. Ke kaɗai kika san abin da ya sa na kawo miki goro.

Ba ki taɓa faɗa da tsofaffi a kan ɗaure ciki da zane ba. Sai ki ce, "Inna, ki ɗaura mata, amma ki bar wa numfashi hanya. Zane ba ya zama nama." Kin koya mana in za mu tashi daga kwance mu fara juyawa gefe, mu dafa ƙasa, in za mu ɗaga bokitin ruwa ko goyo mu saki numfashi. Sau da yawa an roƙe ki a ɗauke ki bidiyo, kin ƙi. "Salula ba ta da yatsu," in ji ki, "kuma cikin wata ba na wata ba ne."

Wannan magana ce ta hana ni sakewa tun ranar Talata. Ƙanwata Anisa ta haihu ta hanyar tiyata. Kin je barka, kin ce kada ta fara kowane motsi sai kin duba ta da hannunki bayan arba'in. Arba'in ɗin ta cika kina kwance. Yanzu ƙawayenta na turo mata bidiyon matan da ke naɗe jiki suna miƙewa, surukarta ta tanadi zane, ita kuma bayanta ba ya barin ta ta ɗauki jaririnta ba cije leɓe. Tana tambayata ta ina za ta fara. Na san abin da ya yi mini magani, amma ni ba a tsaga cikina ba, kuma ina tsoron in ɓata abin da da ke ce da kin gyara.

A zaman makoki mata sun zo daga Goudel, wasu sun haye gada daga Harobanda, ana ta gaisuwar ta'aziyya, "fonda tilas" da "ya haƙuri". A kan tabarminki muka zauna. Da aka kira la'asar na lura masu ciki da suka kishingiɗa, kowace sai ta juya gefe, ta dafa ƙasa, sannan ta miƙe. Babu wadda ta tuna musu.

Na ja Zuwera tela gefe, wadda ta fi kowa daɗewa kusa da ke, na yi mata zancen Anisa. Ta ce, "Yaya, motsin duk na iya. Abin da yatsun Tanti ke ji ne ban sani ba. Ku kai ta matarnite a duba. In an yarda, numfashi kawai zan fara koya mata." Haka muka tsayar. Mijinki Malam Idrisa ya ce tabarmin ba za a naɗe su ba. Ban sani ba ko hakan zai isa.

Ina miƙa ta'aziyya ga Malam Idrisa, da 'ya'ya da jikoki, da matan Boukoki. Allah Ya jiƙan ki, Tanti, Ya yafe kurakuranki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa kowace sallar da muka tsaya da alwala cikakkiya ta shiga mizaninki. Ya ba Anisa lafiya, Ya kuma ba Zuwera hannu irin naki. Amin.