Ban Sallama Ba

Har yau in na ji an ce "kuɗin gudanarwa" a rediyo, sai abinci ya tsaya mini a wuya. Kalmar nan ta ci mini shanun huɗa guda biyu, kuma ban yafe ba.

Birkila ne ni, a hannun mutanen mishan na koyi gini a Malumfashi. Zamanin da takin zamani ya shigo ƙauyukanmu da ƙarfi, wata hukuma mai ofis a Funtuwa ta riƙa ba da kwangilar gina siton ajiye taki. Aka ba ni guda ɗaya a wani ƙauye bayan Kafur. Ranar da na dawo da takardar, matata ta yanka zakara, 'yan unguwa suka fara kirana ɗan kwangila, ni kuwa har tafiyata ta sauya.

Hukumar ba ta ba da ko kwabo sai an gama aiki. Saboda haka na je wajen wani Alhaji mai sayar da kayan gini a Malumfashi, ya ba ni siminti da kwanon rufi, na jinginar masa da shanuna. Muka yi magana a gaban shaidu uku: in ruwan shuka ya sauka ban biya ba, shanu sun zama nasa. Fari ɗaya ne da ja mai karyayyen ƙaho. Ni na hore su tun suna maruƙa, ban taɓa ɗaga musu bulala ba, da fito nake juya su a bakin kunya.

Na gama ginin da sauran lokaci. Injiniya ya zo ya ƙwanƙwasa bango da makullin motarsa, ya ce ya yi. Na sa rigar zuwa majami'a na tafi Funtuwa karɓar kuɗi.

Kashiyan ofishin, wato mai biyan kuɗi, wani saurayi ne siriri, yana zaune bayan taga mai ragar waya. Ya turo mini takardar biya ta ƙasan ragar. Turancina bai kai ya kawo ba, amma lamba na iya ta sarai. An yanke wani kaso, kuma abin da aka yanke ɗin shi ne daidai ribata.

Na ce, "Malam, lissafin nan bai cika ba."

Bai ɗago kai ba ya ce, "Kuɗin gudanarwa aka cire."

"Me aka gudanar?"

"Aikin ofis mana. Fayil, buga takardu, hatimi."

Fayil ɗin da yake faɗa ni na saye shi a kanti. Takardun ni na biya mai tafireta na gindin darbejiya ya buga. Sau huɗu na zo garin nan a bayan akori-kura kafin su sa hannu. Na ce masa in gudu ne, ni na yi shi, ban ga wanda ya tashi daga kujerarsa ba a cikinsu.

Sai ya yi murmushi ya ce, "Ka ɗauke shi kamar la'ada, maigida."

Nan ya taɓo ni. Mahaifina dillalin hatsi ne a kasuwar Bakori, a gindin buhunan dawa na girma. La'ada haƙƙin mutumin da ya tsaya a rana ne, ya haɗa mai saye da mai sayarwa, kuma kowa ya san da ita tun kafin a kwance bakin buhu. Ba a tsiro da ita bayan an auna kaya an kai gida. Wannan sunansa sata, illa dai an buga shi da tafireta. Haka na gaya masa, da muryar da sai da masinjan ofishin ya leƙo.

Ya ce, "Sa hannu ka karɓi abinka, akwai mutane a bayanka."

Na mai da hannuwana baya na ce, "Ban sallama ba."

A wajenmu haka ciniki yake. Da zarar kuɗi sun shiga tafin hannunka, ka sallama ke nan, magana ta mutu, ko gaban alƙali ka je za a ce ai ka karɓa. Ban san wata hanya ba bayan wannan.

Da na koma gida matata ta saurare ni har na gama kumfar baki, sannan ta ce, "Baban yara, abin da ya rage zai biya Alhaji?"

Na ce zai biya, har da leburori.

"To ka karɓo ka fanshi shanunka."

Na ce in na karɓa na yarda ke nan a cuce ni. Ta dubi gabas inda hadari ya fara haɗuwa, ta ɗauki tulunta ta fita.

Mako biyar na yi ina zarya ina neman manaja. Yau ya tafi rangadi, gobe yana taro a Kaduna, jibi ga kwat ɗinsa rataye a kujera amma shi ba ya nan. Kullum sai na tsaya a tagar kashiyan nan na gaya masa halin da nake ciki, har sunan shanun ya sani. Sai ya ce in ƙara haƙuri. Na je na roƙi Alhaji ya ɗaga mini ƙafa, ya ce shi ma bashi ya ɗauko simintin a Zariya, kuma na san ba ƙarya yake yi ba.

Ina zaune a kan bencin ofishin da rana tsaka ruwan shuka ya kece. Mutane suna ta hamdala, ni kuwa ina jin ƙararsa a kan kwano kamar a kaina ake zuba tsakuwa. Washegari Alhaji ya zo da kansa, muka gaisa, bai iya haɗa ido da ni ba. Da hannuna na kwance su daga turke na miƙa masa igiya.

Bayan kwana tara manaja ya bayyana, wani dattijo mai furfura. Ya karanta takardar kwangilata sau biyu, ya sa aka kira kashiya. Ya ce dokar yankan nan ta zo ne bayan na sa hannu, ba ta shafe ni ba, a biya ni cif. Sannan ya cire tabarau ya dube ni.

"Amma Malam, me ya hana ka karɓi kuɗinka tun ranar farko? Sai ka rubuta a ƙasa cewa ba ka yarda da yankan ba, a ci gaba da bincike. Ai haka ake yi."

Na juya na dubi kashiyan. Yana tsaye yana kallon faratansa. Layi ɗaya tak, kuma mako biyar yana kallona ta ragar nan.

Na ce, "Ka san da wannan?"

Ya ce, "Ai ba ka tambaya ba."

Ban mare shi ba, kuma har yau ban tabbata na kyauta ba. Na san akwai laifin taurin kaina a ciki, matata ta tuna mini da shi shekara da shekaru. Amma ni ban san hanya ba, shi kuwa ya sani ya yi shiru.

Da na karɓi kuɗin, kai tsaye na wuce wajen Alhaji, na tarar an sayar da shanun a kasuwar Bakori. Bijimin da ya iya huɗa kuwa ba mai sakinsa da damina. Shekarar nan da garmar hannu muka yi huɗa ni da matata, rabin gonar ciyawa ta cinye.

Ina dawowa daga Funtuwa wata rana, a kan hanyar Bakori, na hango shanuna a gonar wani. Na sa direba ya tsaya, na sauka na yi fito. Jan nan mai karyayyen ƙaho ya tsaya cak a tsakiyar kunya, ya juyo yana nemana. Mai garmar ya zabga masa bulala a gadon baya, ya ci gaba da ja. Na koma mota na zauna. Kuɗina na gida cikin akwati, cif, ko kwabo ba a yanke ba.