Shim Biyu da Na Sauya wa Tokuji

Atsumi Tokuji mijin yayata ne. Shekara ashirin da tara ya yi a wata masana'antar fiyano, abin kiɗan nan mai maɓallai, a nan Hamamatsu, kuma aikinsa guda ne: ya zauna gaban maɓallai tamanin da takwas yana cusa 'yan zagayayyun takardu a ƙarƙashinsu har tsayinsu ya zo daidai. Ba ya shan taba, ba ya ɗaga murya, ko keke zai hau sai ya ɗaure ƙafar wando. A gidanmu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Babanmu, wanda ya kafa garejin gyaran babur da na gada, har ya rasu "mai takarda" yake ce masa.

Yana da shekara hamsin da uku aka rage ma'aikata, abin ya faɗa kansa. Bayan wata biyu yayata Shizue ta zo gareji da kwanon gyoza, 'yan ƙullin fulawa masu nama a ciki, ɗaure a ƙyalle, na san da magana.

"Sueo, zaman gida zai kashe shi. Jiya na tarar da shi yana jera cokula daga dogo zuwa gajere. Ka ba shi ko shara ce."

"Yaya, nan fa babur ake gyarawa. Ya ma san inda ake zuba mai?"

"Kai da aka haifa da sufana a hannu ai sai ka nuna masa."

Haka ya fara zuwa. Shekara guda yana wanke kayan inji da kananzir, yana haɗa wa masu jira shayi. Ni ne ƙanin matarsa, amma "Maigida" yake kirana, ni kuwa ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Akwai aikin da na tsana duk tsawon shekaruna talatin a sana'ar, wato saita bawul na manyan baburan nan masu silinda huɗu. Bawul su ne 'yan murafun da ke buɗe wa inji hanyar iska da hayaƙi, goma sha shida ne, kowanne da ɗan ƙoƙon ƙarfe kife a kansa, a ƙarƙashin ƙoƙon kuma akwai shim, ɗan falallen ƙarfe da bai kai maɓallin riga ba. Kaurinsa ne ke ƙayyade ratar bawul. Sai inji ya huce ka auna ratar, ka cire kamshaf, sandar da ke danna bawul ɗin, ka ɗaga ƙoƙon da maganaɗisu, ka fitar da shim, ka sa wani mai kaurin da ya dace. Yatsuna kamar rogo suke. Sau biyu shim ya suɓuce mini ya gangara ramin sarƙar inji, na kwana biyu ina farke inji ina zagin wanda ya ƙera shi.

Wata rana ina cikin wannan fama da babur ɗin Kurebayashi-san, kamar ka ce Malam Kurebayashi, wani tsohon ma'aikacin gidan waya da ya shekara ashirin yana kawo mini gyara, sai Tokuji ya matso.

"Maigida, ko in gwada?"

"Wannan ba takarda ba ce, Toku-san."

"Na sani. Takarda ta fi ta wuya, tana shan danshi."

Na miƙa masa maganaɗisun don in yi dariya. Bai taɓa komai ba sai da ya toshe kowane rami da tsumma mai tsabta. Ya tsallaka zuwa kanti ya roƙo kwalayen ƙwai biyu, ya rubuta lamba a gurabe goma sha shida. Ya ɗaga ƙoƙo na farko a hankali, ya kifa shi a tafin hannu, ga shim manne a ciki da baƙin mai. Ya ture shi da farce, ya goge, ya auna, ya rubuta. Yini guda ya yi a aikin da nake yi cikin awa huɗu. Amma da aka tayar da injin, ƙaras-ƙaras ɗin da ya shekara yana yi ya ɗauke. Kurebayashi-san ya tsuguna ya kara kunne.

"Sueo-san, yau me ka ci? Tun da na saye shi bai taɓa yin wannan muryar ba."

Na buɗe baki zan karɓi yabon, sai idonsa ya kai kan hannun Tokuji da ke baƙi da mai.

Magana ta bazu a cikin masu hawan babur. Kafin shekara ta zagayo, mutane na tahowa daga Toyohashi, har daga Nagoya. Su tsaya a ƙofar garejin da sunan ubana ke rubuce a samansa, su dube ni, su ce, "Toku-san yana nan?" Ni aka bar wa canjin taya da walda. Matata ta ce ai abin farin ciki ne, gareji ya cika. Na ce mata haka ne. Amma ranar da na ga Kurebayashi-san ya kawo kwandon lemu ya wuce ni ya ajiye a teburin Tokuji, abinci bai shiga cikina ba. Da a ce yana taƙama da na samu abin riƙewa. Ba ya yi. In an yabe shi sai ya sunkuya ya ce, "Maigida ne ya koya mini," abin ya ƙara ci mini rai, domin duk wanda ke wurin ya san ban koya masa komai ba.

A shekara ta uku, cikin kaka, babur ɗin Kurebayashi-san ya dawo. Tokuji ya gama awo da lissafi, ya jera sababbin shim a gurabensu, ya rufe kwalayen, ya tafi cin taliyar udon a bakin titi. Ni kaɗai na rage. Ban shirya ba, ban kuma tsaya tunani ba. Na buɗe kwali, na ɗauki na gurbi na biyu na sa a na goma sha ɗaya, na goma sha ɗaya na mayar na biyu. Bambancinsu bai fi kaurin gashi biyu ba. So nake sau ɗaya dai injin ya yi ƙara a gaban mai shi.

Na manta cewa Tokuji ba ya rufe inji sai ya sake auna komai. Wajen ƙarfe uku na ji shiru ya yi yawa. Na leƙa, na gan shi zaune a kan akwati, takardar lissafinsa a hannu ɗaya, shim biyu a ɗaya.

"Lafiya, Toku-san?"

"Na sa su a gurbin da ba nasu ba." Ya daɗe yana kallon tafinsa. "Kuma ban tuna lokacin da na yi ba. Abin da ya dame ni ke nan."

"Kowa na kuskure," na ce.

"Haka Baba ya fara. Da takalmi ya fara, yana sa na hagu a dama."

Mahaifinsa cutar mantuwa ce ta kashe shi, ya shekara shida bai san 'ya'yansa ba. Na san da wannan sarai. Kalma ɗaya ta isa a lokacin, amma na juya na koma kan tayata.

Ya gyara aikin, ya gama shi lafiya lau. Ƙarshen wata ya wanke kayan awonsa, ya sunkuya mini, ya ce ya bar aikin, ba zai yi wasa da ran mutane ba. Gareji ya dawo nawa. Masu zuwa daga Nagoya suka daina zuwa, na ce wa kaina dama sun cika surutu.

Wata takwas na yi da abin a ciki. Lokacin bikin tunawa da magabata muka haɗu da Shizue a kabarin iyayenmu. Tana wanke dutsen kabarin, ba ta dube ni ba, ta ce Tokuji ya je asibiti sau uku, likita ya ce bai ga komai ba, shi kuwa ya ƙi yarda. Ya ba ta makullin mota ta ɓoye. Ya lilliƙa takardu a jikin kowace durowa da sunan abin da ke ciki. Har ya zaunar da ita ya nuna mata gidan tsofaffin da yake so a kai shi in lokaci ya yi, don kada ta wahala.

Washegari da hantsi na je gidansu. Na same shi a baranda yana yanke farce, ya rame. Na durƙusa na sa goshi a ƙasa na faɗa masa, ban rage komai ba.



"Wanne da wanne?" ya ce.

"Na biyu da na goma sha ɗaya."

"Su ne." Ya ajiye abin yankan farcen. "Ke nan da na tafi cin abinci daidai suke?"

"Daidai suke."

"Duka sha shidan?"

"Duka."

Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa, ban san kuka yake ko dariya ba. Can ya ɗaga murya, karo na farko da na taɓa ji: "Shizue! Ina kika sa makullin motar nan?"

Yayata tana bayan ƙofa, ta ji komai. Ta fito ta ɗauke kofin shayin da ta ajiye mini, ta watsar a tsakar gida.

"Wata takwas, Sueo. Kana cin abincinka, kana barcinka. Tashi ka fita."

Ba ta sake yi mini magana ba sai da sabuwar shekara ta zagayo sau biyu. Tokuji bai zage ni ba, bai kuma ce ya yafe ba, "Maigida" dai ya daina, ya koma "Sueo-kun", kiran da ake yi wa yaro, kamar lokacin da yake neman auren yayata. Bai dawo gareji ba. Ya share rumfar da ke bayan gidansa, ya sa teburi da fitila, ba ya karɓar kowane aiki sai na bawul, babur ɗaya a rana.

Yanzu shekarunsa sittin da biyu. Duk wanda ya je masa da lanƙwasasshen ƙarfe ko tsagaggen salansa, sai ya zana masa taswirar garejina a bayan takarda, ya ce a aikin wuta babu kamar surukinsa. Suna zuwa kuwa. Ina karɓar taswirar, in ga yadda ya ja layukan a miƙe ba tare da rula ba, in ninke ta in jefa a kwandon shara, sannan in tambayi mutumin abin da ya karye.