Dabarar Masu Ƙanƙara

Lokacin kullen korona yarana suka mayar da gidanmu na unguwar Taman Melati a ƙasar waje kasuwar Kurmi, ga shi zan kare digirina a gaban malamai ta kwamfuta. Maƙwabcina ɗan ƙasar ya ara mini tirelarsa ta yawon shaƙatawa, mai gado da tebur a ciki. Sai dai bangon ƙarfe ne, da rana ko ƙwai ka fasa masa sai ya soyu.

Na tuno masu sayar da ƙanƙara a Kano, yadda suke naɗe ta kada zafi ya taɓa ta. Na bi bangon da soson katifa da kwali, na toshe kowace kafa.

Matata ta leƙo ta ce, "Baban yara, ƙanƙara fa ba ta numfashi."

Na ce, "Ke dai kawo shayi."

Ranar jarrabawa zafin waje bai shigo ba, nawa kuma bai fita ba. Gumi har cikin takalmi. Farfesa ta ƙura mini ido ta allo, ta tambaya ko korona ce. Na rantse lafiyata lau, amma suka taƙaita tambayoyi don tausayi, na ci.

Da na fito, matata ta matse rigata a kan shukokinta.